Ramar Da Ba Ta Da Tsami

Kwanon ƙuli-ƙulin da Hikima ta hawo da shi saman soro ne ya fara faɗuwa, tun kafin bakinta ya furta komai. Ya daki siminti ya yi ta juyawa yana ƙara, garin ya watse a ƙafafuna. Ni kuwa ina tsaye da butar ban-ruwa, na washe baki ina jiran yabo.

"Hajiya Mastura," ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, "wa ya shuka wannan?"

"Abdulmajid ya kawo irin, ni na rene ta. Dubi ganye, ɗiyata! Ko a Maraɗi ba ki samun rama mai wannan kyau."

Ba ta dubi ganye ba, ni ta duba. Hikima ma'aikaciyar jinya ce 'yar Kaduna, shekararta biyu da kama ɗaki a ƙasanmu a nan unguwar Hindawiyya ta Jidda. Mace ce da ta saba ganin jini ba ta ko ƙifta ido, amma ran nan ta tsorata. Ta waiga ta dubi sorayen maƙwabta, ta ja ƙofar bene ta rufe a hankali.

"Wannan ba rama ba ce, Hajiya. Wiwi ce. Hashish."

Dariya na yi. Wallahi dariya na yi, har da dafa gwiwa. Ni 'yar manomi, jikar manomi, yarinyar da ta tashi a birni za ta koya mini rama? Sai ta tsinki ganye ɗaya ta murza ta kai mini hanci, ta ce, "Tun da kike, kin taɓa jin rama tana wannan wari? Ina furenta? Ina ƙaiƙayin jikinta? Hajiya, a ƙasar nan fa muke. Idan aka ga wannan a saman gidanki, ɗanki ba zai sake ganin rana ba sai ta taga."

Butar ta suɓuce daga hannuna. Ruwan ya bi garin ƙuli-ƙuli, ya yi ta kwarara zuwa magudana.

* * *

Shekara talatin da ɗaya ke nan rabona da gida. Da ƙuruciyata na biyo mijina Isha'aku, tela ne a unguwar Balad, har Allah Ya karɓi abinsa. Ya bar ni da ɗa guda da aikin girki a gidan wasu Larabawa a Aziziyya. Mutanen kirki ne, ba zan ci amanarsu ba, amma zubar da abu a wurinsu kamar ibada ne. Ɓawon ƙwai, ɓawon ayaba, tukar shayi, ruwan wankin shinkafa, duk shara. Ni kuma a gidanmu ba a zubar da abin da zai ruɓe. Ubana yakan tara komai a rami bayan rumbu, ya rufe da toka, sai ya kwana arba'in ya buɗe, ya damƙo baƙar ƙasa ya shinshina yana murmushi. Shekara ashirin da biyu ina cika ledar shara a gidan aikina, kullum sai zuciyata ta ɗan sosu.

Abdulmajid a Jidda na haife shi. Hausa yana jin ta tsaf, amma in zai yi ta sai ya haɗa da Larabci kamar mai haɗa shinkafa da wake. Tun da aikinsa na tuƙi ya ƙare ya zama ɗan ɗaki: barci, waya, barci. Ina kallonsa yana bushewa a gabana, ban da abin yi masa sai addu'a da abinci.

Wata rana sai ga shi da tsofaffin gwangwanayen fenti da ɗan ƙullin iri. Ya ce, "Ummi, ba kullum kina cewa kina so rama ɗanya ba? Wani sahibi, abokina, ya kawo iri."

Kuka na yi don daɗi. Na ce jinin kakansa ne ya motsa. Ya kewaye kusurwar soron da tabarmi, wai saboda rana da tantabaru, ban ga laifin haka ba. Shukarsa ta farko ta fito a tsamure, rawaya, abin tausayi. Na ture shi gefe na ce, "Kai, matsa. Ƙasar Jidda yunwa take ji." Na samo ganga shuɗiya, na fara dawowa daga Aziziyya da leda biyu, ɗaya ta ragowar abinci, ɗaya ta ɓawo. Cikin 'yan watanni gangar ta ba ni baƙar ƙasa irin ta ubana, shuka kuwa ta miƙe har kafaɗata.

Bakina bai iya riƙe daɗi. Na bi matan gidan ɗaki-ɗaki ina shela cewa kowa ta tara mini ɓawo, ranar da rama ta isa tsinka zan yi kwaɗon da zai sa su tuna iyayensu. Wadda ta fi kowa himma ita ce Salamatou, 'yar Damagaram da ke hawa na biyu, wadda muke kira Ummu Mazen. Kowace safiya sai na tarar da ledarta a rataye a hannun ƙofata, da ɗaurinta na musamman, ƙulli biyu. Baiwar Allah tana cikin jarrabawa: ɗanta Mazen, yaron da ke karatun gyaran lantarki, ya fara da hayaƙi ya ƙare da ƙwaya, har ya koma zama a kan matakala yana dariya shi kaɗai. In na wuce shi nakan ce a raina, Allah na gode maka, nawa dai noma ya kama.

Kada wani ya ce ban ga alama ba. Na gani. Idona ya fara yana, gaskiya ne, kuma ganyen yana da yatsu kamar na rama. Amma harshena lafiyarsa ƙalau. Na taɓa tauna ganye ɗaya a ɓoye, ban ji tsami ba ko kaɗan, sai wani ɗaci mai kama maƙogwaro. Na ɗora wa ruwan Jidda laifi. Fure bai zo ba, na ɗora wa zafi. Sau biyu ina dawowa daga aiki in tarar da gwangwanaye wayam, ya ce rana ce ta ƙone su ya zubar, in yi ta jimami in ƙara taki. Kullum yana hana ni tsinka, wai sai ta yi iri. Abin da na sani kawai, ɗana yana tashi da safe, yana dariya, yana ce mini sannu da aiki. Ban so in san abin da ya wuce wannan ba.

Ranar Juma'ar nan ce haƙurina ya ƙare. Ya fita masallaci, na ce yau sai kwaɗo, na kira Hikima ta taya ni tsinka.

* * *

"A ƙona ta," na ce.

"Hayaƙin zai tara mana unguwa," in ji Hikima.

"A kai juji."

"Masu tonon shara fa? Da kyamarorin kan titi?" Ta dubi agogonta, lokacin aikinta ya yi. Ta kama hannuna biyu ta ce, "Ki tumɓuke yanzu. Ki san yadda za ki yi da ita ta ɓace. Ni ban gani ba, ban ji ba."

Na tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya, goma sha huɗu. Saiwoyin sun riƙe ƙasa da ƙarfi, ni na san abin da na ba su. Na kawo wuƙar yankan alayyahu na daddatsa karansu. Da na ga tulin a gabana, hannuna bai yi shawara da ni ba. Abu ne mai ruɓewa, kuma wuri ɗaya na sani da ake kai mai ruɓewa. Na buɗe gangar na danna shi ciki, na bi da ɓawon ranar, na yayyafa toka, na rufe. Na ce ƙasa ta haife shi, ƙasa ta cinye shi.

Bayan la'asar Abdulmajid ya hawo yana fito. Fiton ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ummi! Esh haza, mi ke nan? Ina shuka?"

"Ina rama, ka ce." Muryata ta fito a sanyaye, abin ya ba ni mamaki. "Abdulmajid, dube ni. Mi na rena maka wata goma sha takwas?"

Ya zauna a kan gwangwani guda ya dafe kai. Na so ya yi mini ƙarya, wallahi na so. Da ya rantse cewa shi ma bai sani ba, da na karɓa hannu biyu.

"Shekara biyu ba shugul, ba aikin yi, Ummi," ya ce. "Ko'ina an ce iƙama, takardar zama, an ce kafili, mai tsaya maka, an ce dawo gobe. Ina zaune ina cin guminki kamar mace mai jego."

"Sai ka maishe ni manomiyar wiwi."

"Ni ban iya ba. Nawa mutuwa yake. Ke kika iya." Ya ɗago, kuma abin da na gani a idonsa ya fi komai tsorata ni, domin alfahari ne. "Har daga nesa ana nema. Ana ce mata ta Hajiya."

Ta Hajiya. Sau uku na sauke farali, ban taɓa sanin ɗanɗanon sigari ba, ashe sunana yana yawo a bakin 'yan shaye-shaye.

"Mazen fa?" na ce. A makon nan aka kwantar da yaron a asibiti, bayan ya farfasa tagogin ɗakin uwarsa. "Shi ma ta Hajiya ya fara da ita?"

Ya tsura wa siminti ido. Na ɗaga hannu zan mare shi, sai na ga baƙar ƙasa a ƙarƙashin farcena, na sauke.

"Halas, Ummi," ya ce yana kuka. "Wallahi halas. Na bari."

Na yarda da shi. Har gobe ina jin gaskiya ya faɗa.

* * *

Kwana uku bayan nan 'yan sanda suka zo, da hantsi, ina ɗaura niƙabi zan tafi aiki. Su huɗu ne cikin farin kaya, sun nuna takarda. Har yau ban san wanda ya nuna gidan ba, kuma ban nema ba. Suka birkice ɗakunanmu biyu, ba su samu komai ba. Suka hau soro da mu. Gwangwanaye na nan a jere, na wanke su tas na kife. Babbansu ya zagaya, ya ɗaga tabarma, ya leƙa bayan tankin ruwa, ya kaɗa kai. Har ya juya ya ce wa yaransa, "Yalla, mu tafi."

Ƙaraminsu ne ya tsaya ya toshe hanci, ya nuna gangar da ƙafa. Ya ɗaga murfin, ya samo sanda ya tona.

Kwana arba'in taki yake ɗauka. Na fi kowa sani a duk Jidda. Kwana uku bai yi wa ganyen komai ba, sai ɗan yaushi. Ya fito a bakin sandan da yatsunsa cif, ɓawon ƙwai na manne a jikinsa. Da na bar shi a buhu na ba ɗana ya san inda zai kai, da na niƙa na bi da shi magudana, da yanzu wani labarin nake bayarwa. Amma ni Mastura ba na zubar da abin da zai ruɓe.

"Gangar wa ce?" in ji babban, da Larabci.

Tawa ce. Duk gidan nan an san tawa ce. Na buɗe baki zan faɗa, sai Abdulmajid ya sha gabana. Ya yi magana da Hausa tsantsa, ba ɗigon Larabci, irin wadda na shekara ashirin da shida ina roƙon ya yi mini.

"Inna, ki yi shiru. Don girman Allah ki yi shiru."

Sannan ya juya ya miƙa musu hannayensa ya ce tasa ce, shukar da gangar duka, tsohuwa ba ta ko hawa nan.

Biyu suka sauka da shi, biyu suka ɗauki gangar. Bai waiwayo ba. Ina jin takunsu hawa bayan hawa, har ƙofar mota ta rufu.

* * *

Washegari da safe na ji motsi a ƙofa. Ban tashi ba sai da na ji muryar Salamatou tana sauka matakala, a gajiye. Kwananta biyar tana zaryar asibiti, ba ta zama a gida balle ta ji labarin unguwa.

"Ummu Majid, ga na rama nan na rataye! Ayabar da nike kai wa Mazen ce, ya fara ci, alhamdu lillahi. Na ce ɓawon ba ya tahiya banza. Kar dai a manta da ni ranar kwaɗo."

Sai da takunta ya ɓace na buɗe ƙofa. Ledar tana nan da ƙullinta biyu.

Na ɗauka na hau soro, don ƙafafuna ba su san wata hanya ba. Inda gangar take zama babu komai sai zagayayyen tabo a kan siminti, bai gama bushewa ba. Na tsaya a gefensa da ledar a hannu, rana tana hawa, ƙudaje sun fara taruwa.