Birkin Gaban Baburin Auta

Bakaniken ya tsufa a gyaran babura, kuma abu guda ya riƙe wanda ba a ja da shi a kai: birkin gaba ba na ɗan koyo ba ne. Ya sha ganin sabon hannu ya firgita ya damƙe shi, babur ya tsaya cak, mai shi ya wuce ta sama ya sauka a kan haɓa. Don haka duk wanda ya kawo babur garejinsa, in ya ga ɗan koyo ne, sai ya faki ido ya sassauta notin birkin, yadda ko an matse ba zai kama sosai ba. Ba ya neman izini, ba ya jiran godiya. Shi a wajensa taimako ne.

Jiya da yamma ya yi wa baburin 'yarsa Auta wannan taimakon.

Auta ta samu aiki a wani ɗakin gwajin jini, za ta riƙa ɗauko samfuri daga ƙananan asibitoci a kan babur. Sharaɗin ɗaya ne, ta kawo lasisi kafin mako ya ƙare, in ba haka ba akwai masu jira a baya. Makarantar koyon tuƙi ta shiga, abin da ya tsaya wa uban a rai, wai 'yar bakanike guda ta je wani ƙato ya koya mata hawa babur. Amma yau ranar gwaji, shi ya goyo ta har filin, tunda ba ta da izinin hawa titi. A bakin ƙofa maigadi ya raba su, 'yan rakiya duk a bayan wayar shinge.

Jami'in gwajin wani dogo ne mai usur a wuya, fuskar nan ba alamar wasa. Ya bi babura yana duba fitila da oda da hular kwano. Da ya zo kan na Auta ya matsa hannun birkin daga tsaye, ya ji ya ɗan yi tauri, ya wuce. Bakaniken har da ɗan murmushi, aikinsa ba ya nuna kansa.

Zagayen robobin da aka jera a fili ta yi shi lafiya, ko ƙafa ba ta sauke ba. Sai aka kira su zuwa matakin ƙarshe, tsayawar gaggawa. Mutum zai taso da gudu daga can ƙarshen fili, in an busa usur ya tsaya kafin farin layi. Bayan layin tsofaffin tayoyi ne jere a jikin katanga.

Na farko ya taso. Usur ya tashi, yatsunsa suka rufe hannun birki, gaban babur ya duƙa, ya tsaya. Bai faɗi ba. Na biyu ma haka. Murmushin Bakanike ya fara bushewa. Ya juya ga mutumin da ke kusa da shi, malamin makarantar su Auta, wanda tun safe yake ƙin kallonsa.

"Malam, wai su duk da birkin gaba suke tsayawa?"

"To da me za su tsaya, Baba? A wannan gudun na baya shi kaɗai sai dai ya ja mutum a ƙasa. Muna koya musu su matsa a hankali, ba su cafka ba. Ai 'yarka ta fi kowa iyawa, kwantar da hankalinka."

Hankalin nan bai kwanta ba. Ya laluba aljihu, ƙaramar sufanarsa na nan. Juyi kaɗan ne aikin, amma tsakaninsa da notin akwai waya da maigadi. Ya matsa wajen maigadin kamar mai neman hira.

"Ɗan'uwa, in mutum ya ga baburinsa na da 'yar matsala, ana barinsa ya gyara?"

"Bayan an duba? Ina. Fitar da shi ake yi, sai wata mai zuwa. Wani abu ne?"

"A'a, tambaya ce kawai."

Wata mai zuwa, aikin ya riga ya zama na wani. Ya koma ya kama wayar da hannu biyu. Auta ce ta ƙarshe a layi, tana zaune a kan babur ta miƙe baya, har ta ɗago masa hannu. Ya ɗaga nasa da ƙyar. Ya shiga lallashin kansa: yarinyar ba ta da nauyi, birkin baya sabo ne, shi da kansa ya sa shi, kuma na gaban ai ba a mace yake gaba ɗaya ba. Duk wanda ya taso ya tsaya, sai Bakanike ya ce a ransa bari wannan ya wuce zai yi magana. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji, tsoron ta ji ciwo, da tsoron ya buɗe baki a gaban malamin nan ya ce shi ya taɓa. Layin kuwa sai raguwa yake.

Ko da ya buɗe baki, Auta ta riga ta taso.

Bai san lokacin da ya ture maigadi ya faɗa filin ba. Usur ya tashi. Ya ga yatsunta sun matsa a hankali yadda aka koya mata, hannun birkin ya tafi har ya haɗu da kan babur, gudun bai ragu ba.

"Taka na baya!" Bakanike ya ƙwala mata.

Ta taka. Tayar baya ta yi ƙara, babur ya juya gefe, ya tsallake farin layin da ita, suka zube a jikin tayoyi. Filin ya yi tsit, sai tayar gaba da ke ta juyawa a sama.

Kafin ya iso ta tashi zaune. Gwiwar wandonta ta yage, jini na tsattsafowa, hular kwanon ta goge a gefe guda. Jami'in ya ɗaga babur, ya matse birkin ya tura, taya ta gangara abinta.

"Wa ya taɓa birkin nan?"

"Ni ne," in ji Bakanike.

Jami'in ya dube shi daga sama har ƙasa, sannan ya ce wa Auta ta dawo wata mai zuwa. Ita ba ta ko kalli jami'in ba. Ta cire hular, ta ɗago ido ga ubanta. Ba kuka take ba, da ma kukan ne da ya fi masa sauƙi.

"Baba, yaushe ka gane da shi ake tsayawa?"

Ya so ya ce yanzun nan. Bakinsa ya ƙi.

"Tun da na farko ya taso."

Ta waiwaya ta dubi inda suka yi layi, doguwar inuwar bango inda ta zauna tana ɗago masa hannu.

"Ni ce ta ƙarshe fa, Baba."

Ya zaro sufanar, ya durƙusa gaban tayar. Auta ta miƙe tana ɗingishi, ta kama kan babur ta janye shi daga gabansa.

"Bar shi," ta ce a hankali. "Zan kai a gyara."