Gaɓa Huɗu a Kan Tayil

Kamfanin marmara ya ce mutum ɗaya zai tura Italiya koyon sabon injin yanka dutse, amma sai wanda bakinsa ya iya Italiyanci. Mutum biyu suka rage: surukin foman, da Dogo mai ɗora tayil, wanda i'ina ta ɗaure wa harshe tun yana yaro.

Dabarar Dogo ɗaya ce. In yana ƙwanƙwasa tayil da gudumar roba, kowace gaɓa bugu ɗaya, sai harshen ya saki. Par-la-no, bugu uku. Wata huɗu yana koyon Italiyanci a haka.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar gwaji, a bakin ofis mai gadi ya tare shi.

"Malam, ajiye guduma. Nan ba wurin gini ba ne."

"Ba-ba-baba, da ita nake..."

"Na ce ajiye!"

Surukin foman ya kwashe da dariya daga kan benci. "Bar shi da ita, Baba, ko ita ta amsa masa."

Dogo ya ajiye, ya shiga. A ciki, injiniyar kamfanin na zaune bayan teburin gilashi, tafinta a gefenta.

"Ta ce ka faɗi 'suna aiki' da Italiyanci," in ji tafinta.

"La... la... la..."

Gumi ya keto masa. Matar ta dubi agogo. Gilashi dai ba ya son bugu.

"Ɗan'uwa, saura minti biyu," in ji tafinta.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Dogo ya zame daga kujera, ya durƙusa, ya dunƙule hannu ya bugi ƙasa.

"La-vo-ra-no."

Ya danna nauyin a gaɓa ta biyu, inda ya dace. Matar ta jefo wata. Ya buga: "Scri-vo-no." Ta jefo ta uku. Ya buga sau ɗaya, ya tsaya cak, ya kara kunne.

"Kai, lokacinka kake ci!" in ji tafinta.

Dogo bai ji ba. Ya sake bugawa. "Wa-wannan ba siminti a ƙarƙashinsa. Rami ne. Ha'inci ne."

Tafinta ya fassara da ƙyar. Matar ta zagayo, ta tsuguna, ta ƙwanƙwasa da zobenta. Tayil ya amsa kamar ganga. Ta tambayi wanda ya ɗora shi. Tafinta ƙofa kawai ya kalla, wajen bencin da surukin foman ke zaune.

Ta koma ta yi rubutu, ta yi magana a taƙaice.

"Ta ce ka kawo fasfo ran Litinin," in ji tafinta. "In ka fita, turo wancan. Ya zo ya ɓamɓare aikinsa."