Turaku Takwas Masu Jan Tsumma

Ni na tuge turakun nan da hannuna, ba direban tarakta ba. Gara in faɗa tun da wuri, don na daɗe ina fakewa da bawan Allahn nan.

Filin kiwon mahaifinmu ne. Bayan rasuwarsa aka sayar da shanu, fili ya shekara tara ba mai leƙa shi, ƙaya da zaizaya suka cinye shi. Yayana ne ya sha alwashin tayar da shi. Shekara huɗu yana sassabe, yana jido taki, yana jera duwatsu inda ruwa ke yankar ƙasa. A bakin kwazazzabo ya tsinci ragowar wata ciyawa mai laushin ganye da Baba ya shuka tun muna yara. Ya tsigi 'yan ƙwayoyinta a aljihu, damina ta gaba kwazazzabo ya haɗiye wurin. Abin da ya tsira ya yayyafa a wani ɗan yanki, ya kewaye shi da turaku takwas, kowanne da jan tsumma.

Bana, ciyawa na isa yanka aka kwantar da shi asibiti, aikin gwiwa.

"Auta, ka yanke min filin kafin ya tsufa," in ji shi. "Amma wajen jan tsumman nan ka bar min shi sai na fito."

"Na ji, Yaya."

Na ji ɗin kuwa. Sai dai ni malamin gona ne mai takardar shaida a bango, kuma tun fil azal ina yi wa Yaya kallon mai ƙarfi ba lissafin zamani. Na san ciyawar da aka yanka kafin ta fid da kai ita ce ke ba da ingirici mai kyau, busasshiyar ciyawar da dabba ke cinyewa tas. Da na ga yankin nan ya fi ko'ina kore, sai na ce a raina, ji Yaya zai bar mafi kyawu ta zama kara. Ban tambaye shi dalili ba, girman kai bai bar ni ba.

"Malam, waɗannan turakun fa?" direban ya tambaya.

"Wuce kawai," na ce, na bi na tuge su.

Kwana uku muka shanya, muka ɗaure dami-dami, muka jera a rumfa, na yankin turakun a gefe guda. Ƙamshi har bakin hanya. Na tafi asibiti ina jiran yabo.

"Ta fid da kai?" Yaya ya tare ni da tambaya tun ban zauna ba. "Ciyawar Baba nake nufi. Ita fa shekara ɗaya take yi, in ba ta zubar da iri ba ta tafi ke nan. Ka sayo min buhu biyu. Irin bana zai ishi rabin fili."

Na dubi ƙafarsa a naɗe da bandeji.

"Tana nan," na ce.

Har buhunan na sayo, don rashin kunya.

Ranar da aka sallame shi bai yarda mun biya gida ba. Ya sauka daga mota yana dogara sanda, buhuna a hammata, ya tsaya a bakin fili. An aske filin ƙwal. Ga ramukan turaku takwas suna kallonmu.

"Yaya, direban ne..." na fara.

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ɗingisa zuwa rumfa, ya zaro ciyawa daga wani dami, ya murza, ya sansana.

"Ingiricinka ya yi kyau, Auta."

Da ma zagina ya yi. Ya shimfiɗa buhu ɗaya a ƙasa, ya zauna da ƙyar ya miƙe ƙafar, ya ce in miƙo masa damin yankin. Goma sha ɗaya ne. Ina kwancewa, yana karkaɗewa a kan buhun, yana bin ƙurar da yatsa ko zai dace da ƙwaya ɗaya da ta riga sauran nuna.

Na san ba zai samu ba. Na yanke ta daidai lokacin da aka koya min. Amma na ci gaba da miƙa masa, har na goma sha ɗayan.