Bencin Oumarou

"Ba zan ƙara ko harafi ɗaya ba, Kawu!"

Radiyya ce ta faɗi haka, ta riƙe ƙugu a tsakiyar zauren ƙungiyar unguwa da ke Agege a Legas. Yarinyar nan tun da ta karanto wasan kwaikwayo a jami'a bakinta ya buɗe. Kawun nata kuwa, Alhaji Mamman, shi ne shugaban ƙungiya, makullin zauren yana aljihunsa. Yanzun nan ya gama kallon gwajin wasan da take son nunawa ran Sallah, har hularsa ta karkace don haushi.

"Wannan ne wasa? Maigadi a zaune minti arba'in yana gadin gidan da babu shi! Masu wucewa suna gaida benci, suna tambayar benci ya iyali, shi ko kallo bai samu ba. Ina abin dariyar? Ki sa shi ya yi gurguwar Yarbanci mana, ko ya yi gyangyaɗi ɓarawo ya sace masa takalmi."

"Ba don a yi dariya na rubuta ba."

"To don a yi me? Zaman makoki?"

Radiyya ta dubi Oumarou, mutumin Nijar da ya fito a maigadin. Ba ɗan wasa ba ne, maigadin gidan Kawun ne, sai da ta yi wata guda tana lallashinsa. Tsoronta ɗaya, kada ta jawo wa bawan Allah asarar aikinsa.

Sai ga Oumarou ya miƙe daga kan benci, ya kaɗe riga.

"Alhaji, shekara goma sha ɗaya ina buɗe maka ƙofa. 'Ya'yana nawa?"

Jama'a, ku zo ku ga Alhaji! Ya shiga laluben carbi.

"Kai, ba na son rashin kunya! Zaure dai na hana. Ku je ku yi haukarku a titi."

"Mun gode, Kawu, titin ya fi cika," in ji Radiyya. "A tashar motocin danfo za mu yi. Baba Oumarou, kama can."

Suka ɗauki bencin, ita gaba shi baya. Da suka fita ta sa ƙafa ta banko ƙofar, har hoton shugabannin ƙungiya ya faɗo daga bango.