Kwat ɗin Baba

Ranar Litinin Auta zai gurfana a kotu kan tuƙi cikin maye. Sati biyu ke nan da ya sha giya ya yi tatil a wajen abokansa, ya kama sitiyari da rana tsaka, ya je ya rungumi turken lantarki. Allah ya taƙaita, ba wanda ya ji ciwo sai motar. Tun daga ranar gidan ya koma nasa. A dafa wa Auta, a yi shiru Auta na barci, kada a yi masa faɗa ya ji da abin da ke damunsa. Wai shi ne abin tausayi!

Yayansa, tela, yana kallo yana haɗiye takaici. Shekara ashirin yana taka keke, ko launin ƙofar kotu bai sani ba, amma ba a taɓa soya masa ƙwai don an gode ba. Kishin ƙaninsa yake yi, da gemunsa da 'ya'yansa uku. Ya san abin kunya ne, sanin kuma bai rage masa komai ba.

Ranar Asabar da hantsi Mama ta shigo shagon, Auta na biye da ita, kansa a sunkuye. Ta buɗe leda a kan teburin yanka. Kwat ɗin marigayi Baba ce, mai ruwan toka, wadda ya sa ranar da ya yi ritaya.

"Lauya ya ce ya shiga tsaf-tsaf, ya amsa laifinsa, kada ya cika surutu," in ji Mama. "Ka rage masa ita."

Telan ne ya gado faɗin kafaɗar Baba, Auta kuwa siriri ne kamar tsinken tsintsiya. Shi ne kuma duk shekara yake fito da kwat ɗin ya shanya, ya goge, ya sake mata kafur. Bai taɓa roƙo ba. Jira yake wata rana Mama ta miƙa masa da hannunta.

Ya ɗauki tef ɗin awo. "Ɗaga hannu, malam direba. Ko shi ma sai an riƙe maka?"

"Yaya, don Allah..."

"Kai dai gwada shi, ban ce ka yi wa'azi ba," Mama ta katse shi.

Tela mai hankali ba ya yanke tufa mai daraja. Naɗe rarar yake yi ta ciki, ya ɗinke, don in an buƙata wata rana a farke ta koma yadda take. Haka ya yi. Ya kwance shafin cikinta, ya naɗe yatsa huɗu a kowane gefe, ya danne da dutsen guga har hannunsa ya yi tsami. Aro ne, ya gaya wa kansa. Litinin da yamma zai farke abinsa.

Lahadi suka dawo gwaji. Auta ya sa, ya tsaya gaban madubi. Mama ta zagaya shi, ta shafa gefen haƙarƙarinsa, sai ta tsaya.

"Wannan tudun fa?"

"Rarar ce na naɗe a ciki, Mama."

"Alƙali ya gan shi da ƙullutu kamar ya ɓoye kwalba? Yanke ta."

"In na yanke, shi ke nan fa. Ba za ta ƙara shiga jikina ba."

Ta juyo ta dube shi. Da faɗa ta yi masa, da ya fi sauƙi. Mamaki ne zalla a fuskarta.

"Kai kuma? Me za ka yi da kwat? Ai kai ba ka da inda za ka tsaya a duba ka."

Ta faɗa ne a matsayin yabo, har da ɗan murmushinta. Auta ya fara ɓalle maɓalli yana cewa a bari, zai nemi wata, amma Mama ta riga ta zare ta daga kafaɗarsa ta shimfiɗa a teburin.

Telan ya farke ɗinkin jiya. Ya ja layi da alli, ya ɗauki almakashi, ya yanke dama, ya yanke hagu. Hannunsa bai karkace ba, don bai iya ɓata aiki ba ko da ya so.

Da ya gama, kwat ɗin ta zauna a jikin Auta kamar don shi aka yi ta. Mama ta cire masa wani zare a kafaɗa, idonta ya cika da hawaye.

"Sak Babanku," ta ce.

Suka fita tana riƙe da hannunsa. Telan ya sunkuya ya tsince ƙyallayen biyu daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya sa a aljihu.