Ranar da Gogo Muofhe ta Nemi Kekenta

Kun ga mazan nan da ke tsayawa a ƙofar asibitin unguwa suna tambayar katin ɗan ƙasa. Ba ma'aikata ba ne, ba wanda ya sa su. Kun ciro naku katin kun shige, ba ku waiwayi matan da aka tsayar ba. Shuvai na cikinsu, baƙuwa ce, ba ta da kati. Sau biyu aka koro ta da cikinta, don haka a ɗakin haya ta haihu, matan da take tsinkar tumatir da su a gona suka yanke cibi.

Kwana biyar da haihuwa ta leƙa ta gaida maƙwabciyarta, Gogo Muofhe, wadda aka sallamo daga babban asibiti don zuciyarta ta ƙi magani. Tsohuwar ta riƙe mata hannu, ta ƙi saki.

"Ke, jikin nan ai sai a dafa ƙwai a kai."

"Zafin gari ne, Gogo."

"Ƙarfe bakwai na safe? Kuma wari kike yi, 'yata, kada ki ji kunya. Shida na haifa, na san warin nan." Ta ɗaga murya ta kira 'yarta. "Livhu, kawo kekena."

Livhu ta fito da ludayi a hannu. "Mama, likita ya ce ki kwanta."

"Cewa ya yi in mutu a gida. Bai ce yau ba."

Kowa a layin ya san mazan ƙofa suna barin marar lafiya ya shiga da mai tura shi, mutum ɗaya. Livhu ta turo keken marasa lafiyar har kwanar shago tana mita. Nan Shuvai ta karɓa, jaririya goye a bayanta. Ƙasa na juya mata. Ba ta san ko ita ke tura keken ko shi ke riƙe da ita ba.

A ƙofar asibiti wani mai jar hula cikin mazan ya tare su. "Gogo, wannan 'yar Zimbabwe ce. Na san ta."

"Ni ma na san ka, Mpho, tun kana fitsarin kwance. Ita ke tura ni."

"Ina Livhu?"

"Tana inda ta ga dama. Ko kai za ka tura ni? Zo. Ka kai ni bayi, ka ɗaga ni, ka goge ni."

Wani a layi ya yi dariya. Mpho ya dubi wayarsa, ya matsa.

A ciki nas ta nufo tsohuwar da abin awon jini. Gogo ta ture shi. "Ba ni ba, Sista. Ni an gama da ni. Ita."

Nas ta taɓa goshin Shuvai, ta danna mararta, fuskarta ta canza. "Kwana biyar kina ina?"

"A ƙofa, Sista."

Nas ta ɗaura mata ruwa, ta yi waya a turo mota. Guntun mabiyiya ne ya saura a ciki. A babban asibiti suka ce da ta ƙara kwana biyu, da ba wannan zancen ake ba.

Gogo ta koma gadonta, ba ta sake tashi ba. Ranar Asabar da hantsi ta tambayi Livhu ko Shuvai ta ci abinci. Livhu ta ce ta yi waya asibiti, Shuvai ta cinye faranti har tana neman ƙari, jaririya ma an yi mata rigakafi an ba ta kati.

"To, madalla," in ji Gogo. Ta ce a buɗe taga. Kafin ruwan shayi ya tafasa ta cika.

Ranar jana'iza Shuvai ta so ta tuƙa tuwon masara, matan layin suka ƙwace muciyar suka zaunar da ita a inuwa. Ta zauna tana shayar da 'yarta, iska na taɓa goshinta da ya huce.

Akwai masu ciki uku a ɗakunan bayan gona. Talata ake awo, ƙarfe bakwai. Kuna da kati. Ku je ku tsaya kusa da su.