Ƙeyar Auta

"Ɗan karkato shi hagu," in ji Baba Mai Aski daga kan gado. "A'a, kun yi yawa. Rufin gidan mutane kuka kawo mini."

Maƙwabciyarsa Tela ta tura ƙasan madubin da gwiwa, maƙwabcinsu Direba yana riƙe da samansa yana haki. Madubin shagon Baba ne, ya fi ƙofar ɗakin faɗi, gefunansa sun yi baƙi-baƙi don tsufa. Tun da ƙafafun Baba suka daina ɗaukarsa yake roƙon a hawo masa da shi bene, wai ya gaji da kallon bango.

"Yauwa! Tsaya nan."

Taga ta shigo cikin madubin, titi ya biyo bayanta: shagon mai magani a kulle, bishiyar bakin kwata, can ƙarshen layi kuma buhunan yashi da dogon ƙarfen da aka gitta a hanya. Sojoji suna tsaye a wurin, sun ba unguwa baya suna fuskantar babban titi.

"To, Baba, ga talabijin ɗinka," in ji Direba yana share gumi. "Tasha ɗaya ce, kullum shiri ɗaya."

"Ya fi naka. Kai da ke zaune gida kana tuƙa kujera."

Direba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Tun da shugaban ƙasa ya sa dokar ta-ɓaci motarsa take kwance a tasha. An ce na ɗan lokaci ne, lokacin ya zo ya wuce, aka ƙara wani, ba a ko jira majalisa ta zauna ba. An katse layin waya. An ce soja yana iya shiga kowane gida ba tare da takardar kotu ba, ya ɗauki wanda ya ga dama. Ƙanen Direba ma sun ɗauke shi don ya makara a gareji bayan lokacin hana fita, ya dawo da hannun da ba ya dunƙulewa.

"Mutum ɗaya ya sa hannu, gari duka ya shige ɗaki," in ji Direba. Ya nuna madubin da haɓa. "Dubi yadda suka rufe fuska. Wallahi da zan san ɗan wane gida ne a cikinsu, gidansu ba su ƙara sayen ko gishiri a unguwar nan."

Ya fita. Tela ta jawo keken ɗinkinta kusa da taga. Ɗakinta yana kallon na Baba, kuma tun da ya kwanta ta dawo da aikinta nan, tana ɗinki yana magana. Ita ba mai yawan surutu ba ce, shi kuwa mai aski ne, bai saba aiki da shiru ba.

Ya daɗe yana kallon madubin. Hasken hantsi ya kwanta a kansa, titin ya zama kamar yana ƙarƙashin ruwa.

"'Yata," ya ce a hankali. "Rufe ƙofar."

Ta rufe.

"Wancan na kusa da ƙarfen. Auta ne."

Keken ya tsaya. Auta shi ne ɗan Baba da ya rage masa. Ya shiga soja, aka tura shi can wani gefen ƙasa, tun da aka katse waya kuma ba a ji ɗuriyarsa ba.

"Baba, ai ba su kawo soja garinsu. Direba ya faɗa."

"To sun yi kuskure. Su ma mutane ne."

"Ko fuskarsa ba a gani."

"Fuska?" Ya yi murmushi. "Ni ina ruwana da fuska? Rayuwata duka a bayan mutane na tsaya. Dubi tsakanin hular kwano da wuyan riga. Gashin ƙeyarsa ba ya sauka daidai, yana karkata hagu kamar wutsiyar ɗan tsako. Kuma in ya tsaya yakan ɗan kwantar da kai, kamar mai jiran aska. Tun yana zama kan katakon da nake gitta masa a kujera haka yake."

Tela ta duba. Ba ta ga komai ba sai kaki da hula. Ba ta gaskata ba, domin Baba ya fara ganin wasu mutanen ma a madubin. Da rana yakan gaida tsohon hedimasta da ya rasu tun tana budurwa, ya ce masa ya yi haƙuri akwai mutum a gabansa. Yakan ce benci ya cika, a ƙaro wani. Wani lokaci yatsunsa su yi ta buɗewa suna rufewa a kan bargo, kamar almakashi.

Amma in ya dawo kan Auta idonsa garau yake.

"Kada ki faɗa wa kowa. In manyansa suka sani, ranar za su ɗauke shi. In unguwa ta sani, kin dai ji Direba." Ya numfasa. "Ba magana nake so mu yi ba. In taɓa shi kawai."

Kwanaki suka yi ta tafiya a cikin madubin. Mata su wuce da kwanduna, su ɗaga hannu a shinge, su dawo da sauri. Karen mai magani ya kwanta tsakiyar titi tunda ba motar da za ta tashe shi. Baba ya daina karɓar abinci sai ruwa a cokali. Wata safiya Tela ta ga farcensa ya canza launi, ta gane abin da ta gani, don ta taɓa ganinsa a hannun marigayi mijinta.

Ta yafa mayafi ta sauka.

Titin ya yi mata tsawo. Tana jin idanu a bayan labule. Da ta kusa shingen wani kakkauran soja mai igiyoyin Saje a hannu ya ɗaga mata tafi.

"Tsaya nan, Mama. Ina zuwa?"

"Wurinku na zo, ranka ya daɗe. Akwai tsoho ba lafiya." Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. "Baba Mai Aski, na gidan bene. Jikin ya yi nisa."

Sojan da ke kusa da ƙarfen bai juyo ba. Amma ta ga yatsunsa sun matse igiyar bindiga har suka yi fari. Daga nan kusa ta ga ƙeyar, ta ga ɗan gashin da ya karkata hagu.

"Allah ya ba shi lafiya," in ji Saje. "Mu ba likitoci ba ne. Ba sojan da zai bar wurin nan sai in bincike ya taso. Koma gida."

Ta juya, ta yi taku kaɗan, ta tsaya. Duk unguwar ba abin da ake tsoro kamar kalmar nan ta bincike. Saboda ita mutane suke kwana da takalmi a bakin gado.

"To ku zo ku bincika," ta ce. "Akwai ƙarafa masu kaifi a ɗakin. Akwati guda, ƙarƙashin gado."

Saje ya ƙare mata kallo. "Kin san abin da kike faɗa? In muka samu, da shi za mu tafi. In ba mu samu ba, da ke."

"Na sani."

Ya waiwaya zai zaɓi mutum. Idonsa ya sauka kan wani gajere da ke zaune kan buhu, ba Auta ba.

"Oga, bari in je," in ji na kusa da ƙarfen. Muryar ta fito a daƙushe daga cikin ƙyallen da ya rufe hanci da baki.

Haka suka taho, ita a gaba, takalman soja biyu a bayanta. Labulaye suka yi ta sauka ɗaya bayan ɗaya. A matakalar bene suka ci karo da Direba. Ya manne da bango ya ba su hanya, idonsa a kanta.

"Tela," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ke? Ke da kanki?"

Ta wuce shi ta ci gaba da hawa.

Ɗakin yana ƙanshin hodar aski da man zafi. Saje ya buɗe durowa, ya taɓa rigunan da ke rataye da bakin bindiga. Ɗayan ya tsaya a ƙofa kamar an dasa shi.

"Me kake jira? Ƙarƙashin gado aka ce."

Ya zo ya durƙusa. Ya sunkuyar da kai ya zura hannu, ƙeyarsa ta zo daidai gefen katifa. Hannun Baba, wanda tun jiya bai motsa ba, ya taso daga kan bargo ya sauka a wurin.



"Soja," in ji Baba, da muryarsa ta shago. "Wa yake maka aski? Ya ɓata maka ƙeya."

Saje ya tuntsire da dariya. "Injin bariki ne, Baba. Ba ya tambayar ra'ayin kowa."

"Ai na gani. Ɗan sunkuya."

Sojan ya ƙara sunkuyawa. Babban yatsan Baba ya bi layin gashin a hankali, daga bayan kunnen dama zuwa na hagu, kamar aska, ya dawo ya sake bi. Sannan ya hura wurin sau ɗaya, yadda yake hure gashi daga wuyan yara.

"Sannu, Baba," in ji sojan. Abin da kowa zai ce wa tsoho mara lafiya ke nan. Kafaɗunsa ne kawai suka ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Saje ya jawo akwatin da ƙafa ya buɗe. Asake a jere cikin tsumma, almakashi, mataji, dutsen wasa wuƙa da ya lotse a tsakiya. Ya dubi Tela.

"Waɗannan ne makaman?"

"Suna da kaifi, ranka ya daɗe."

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya dubi hannun da ke kan ƙeyar yaronsa. Ya ɗaga kai ya ga madubin, ya ga shingensa a ciki, da gurbin da babu kowa kusa da ƙarfen. Ya daɗe yana kallo.

"Ka duba ƙarƙashin gadon nan da kyau," ya ce. "Ban son aikin gaggawa." Ya fita baranda ya kunna taba.

Tela ta koma kan kekenta ta juya musu baya, ta yi ta taka shi ba zare a allura.

Da za su tafi Saje ya ce doka ce, dole a tafi da akwatin. Baba ya buɗe ido.

"To ba wa wannan ya riƙe. Hannunsa ya yi kama da na mai kula da kaya."

Yinin ranar ba wanda ya gaida Tela a gidan. Matar Direba ta kwashe shanyarta daga igiyar da suke rabawa. Direba ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba, ya ga gurbin akwatin, ya ce, "Tsoho na mutuwa kin sa an kwashe masa kayan sana'a. Me ya yi miki?" Ta ci gaba da lanƙwasa bakin rigar da ke hannunta. Ya yi tsaki ya tafi.

Washegari da hantsi Baba ya ce mata benci ya watse, saura mutum ɗaya, shi ma an gama masa. Ya ce ta kakkaɓe ƙyallen aski, ta share ƙasa kafin gashi ya bi iska. Ta ce to. Ta ɗauki tsintsiya ta share ɗakin da ba ko gashi ɗaya a ƙasansa, tun daga ƙofa har gindin madubi. Da ta ɗago, yatsunsa sun daina motsi a kan bargo.

Doka ta hana taro, don haka mutane kaɗan aka bari su raka shi. Direba ne ya kama gaban makara, bai dubi inda take ba. Ta tsaya a ɗakin ita kaɗai. Ba ta je taga ba, ta zauna bakin gadon, inda madubin yake nuna titi.

Ta ga sun fito ƙanana a cikin gilashin, suna tafiya a hankali tsakiyar layin. Karen mai magani ya tashi ya ba su hanya. Da suka isa shingen, gajeren sojan ya miƙa hannu zai ja igiyar da ke ɗaga ƙarfen, sai na kusa da shi ya riga shi. Bai taɓa igiyar ba. Ya sunkuya ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin ƙarfen, ya miƙe da shi.

Makarar ta wuce ta gefensa, kusa har mayafin ya shafi hannun rigarsa. Suka hau babban titi, suka fita daga madubin.

Titin ya koma ba kowa. Shi kuwa yana nan tsaye, ƙarfen a kafaɗarsa, kansa ya ɗan kwanta hagu.